Ilyasu da Ekran Mai Ruwan Goro

Kafin masu ƙosai su kwashe kaskon farko, Ilyasu ya riga ya baro unguwar Zariya ta Maradi bisa tsohon kekensa, ya ratso gari, ya jingine shi jikin bangon shagonsa a Sabon Gari. Tsintsiya yake fara ɗauka. Ya share ƙofarsa, ya haɗa da ta tela maƙwabcinsa, ya yayyafa ruwa, sannan ya shiga ya kunna ekran-ekran ɗin da ke jere bisa katako, ɗaya bayan ɗaya. Ekran, ga wanda bai sani ba, shi ne gilashin nan na ordinatar, abin da 'yan Najeriya ke ce ma kwamfuta, inda rubutu ke fitowa. Ba irin na yanzu nake nufi ba, masu kaurin faifai. Na da, masu ƙatuwar ƙeya, waɗanda in ka ɗaga guda sai ƙugunka ya tuna maka shekarunka.

In ya kunna ba ya dubawa tukuna. Sai ya rufe ido ya kara kunne. Wani ya yi ƙara siririya kamar sauro, wani ya yi tas-tas kamar gishiri cikin wuta, wani ya yi shiru irin na lafiya. Daga nan ya san wanda zai fara da shi. In zai buɗe bayan ekran kuwa, sai ya cusa hannun hagu cikin aljihun riga, ya yi aikin da dama kaɗai. Wani Alhaji ya taɓa fita da fushi, yana cewa mutumin nan ba shi da ladabi, ana yi mashi magana hannunsa na aljihu. Bai sani ba ekran na riƙe wuta a cikinsa ko an zare shi daga bango kwana uku, wutar da in ta shiga ta hannu ɗaya ta fita ta ɗayan, ta zuciya take bi. Ilyasu sai ya fara zubar da ita da turnabis, wato sukudireba, mai waya ɗaure a gindi, ka ji ta yi ɗas, sannan ya yi bismilla ya ɗauko dalma.

Shekara talatin da ɗaya ke nan haka safiyarsa take. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon ya koma lambunsa na Jiratawa, don hannu ya fara rawa, kuma na yanzu in sun lalace ba gyara suke so ba, juji suke so. Shi ya sa na ce ba za a rufe ƙofar nan shiru ba. Ni Hamidu mai amalanke ban taɓa zama bisa bencin lakwal, makarantar boko, ba, faɗa nake ana rubutawa. Amma yunwa biyu sun zo ƙasar nan sun koma sun bar ni tsaye, na ga bayan jakai huɗu, kuma duk Maradi babu wanda ya ɗauki ekran yawan da na ɗauka, ko guda bai taɓa tsagewa bisa amalankena ba. In na yi maganar Ilyasu, abin da idona ya gani nake faɗa.

Da rediyo ya fara, ya koma tele. Da aka yi babban taron ƙasa aka buɗe ma jam'iyyu ƙofa, sai gari ya cika da takarda. Kowa na son a buga mashi wasiƙa, kowace jam'iyya na son sanarwa, jaridu suka fito kamar ciyawar ruwan farko. Ordinatar ya shigo biro-biro, wato ofisoshi, da shaguna. Ba a jima ba aka karya darajar sefa, sabon kaya ya gagari kowa. Ma'aikata yau yajin aiki, gobe yajin aiki. Sannan sojoji suka karɓi mulki, Turawan furoje masu ayyukan raya ƙasa suka naɗe tabarmarsu suka bar injuna cikin ɗakuna a kulle. A wannan zamani duk ekran da ya mutu a Maradi, ko dai ya tashi a hannun Ilyasu ko ya zama kujera. Ya ciri wannan daga gawar wancan, ya naɗa waya da hannunsa, ya haɗa uku ya tada biyu.

Shamsu mai hoto shaida ne. Ana gab da wani zaɓe ekran ɗinsa ya juye, duk ɗan takarar da ya sa sai rabin fuskarsa ta fito shuɗiya, rabi kore. Magoya baya suka ce 'yan adawa ne suka yi asiri, har an aika a ɗauko malami. Ilyasu ya shigo, ya dubi ƙatuwar lasifikar kamfe da aka jingine jikin tebur, ya ce a fitar da ita waje, akwai maganaɗisu cikinta, shi ke janye launi. Ya zaro wani zoben waya da ya naɗa da kansa, ya sa shi a wuta, ya kewaya shi gaban gilashin yana ja da baya sannu-sannu, fuska ta dawo fuska.

Shamsu ya ce, "To malamin da aka kira fa?"

Ilyasu ya ce, "In ya zo ya yi ma ɗan takararku addu'a, ya fi ekran bukata."

Ilyasu mijin Tsahara, likitan gilashi. Kai ne ba ka taɓa ce ma mutum abinsa ya tsufa ba sai ka buɗe ka gani. Amma ba don wannan na tara mutane ba. Don abin da ka yi a Tsibiri ne.

Mushe Bo'az sa'ana ne, Mushe kuwa haka muke kiran malamin lakwal. Tare muka yi kiwon awaki a Tsibiri, ranar da aka zo kamun yara lakwal ni na shige rumbu, shi ya tsaya kallon mota, aka tafi da shi. Ya zama malamin lakwal, ya koyar shekara talatin, ya ajiye aiki. Kirista ne, shi da matarsa Dinatu, kuma har yau in muka haɗu sai mun yi gardamar wanda ya fi wani wayo ran nan.

Bo'az na da wani abu da yake yi don son ransa, ba wanda ya sa shi. Tun yana sabon malami yake bin gayya da rakoda rataye a wuya, Tsibiri, Jiratawa, ƙauyukan bakin gulbi, yana ɗaukar waƙoƙin da manoma ke yi in sun jera da hauya. Kaset arba'in da uku ya tara cikin akwatin ƙarfe. Yawancin masu muryoyin sun rasu, kaset ɗin sun fara cin kansu, kuma ga iska ga ƙarar hauya, in ba wanda ya tashi cikin waƙar ba, ba ya fitar da kalma. Ya taɓa gwada faɗa ana rubuta mashi, sai mai rubutun ya riƙa mayar da tsofaffin kalmomi irin na yanzu. Tun daga nan ba ya yarda da layi sai ya gan shi da idonsa. Wani abokinsa da furojensu ya rufe ya bar mashi tsohon ordinatar, sai ya zamana kullum da hantsi yana zaune, ya saurara, ya mayar da kaset baya, ya buga da yatsa biyu.

Ya gama na goma sha bakwai ke nan likitan ido ya gaya mashi gaskiya. Ciwon ya kama jijiya, ba a yi mata aiki, abin da zai gani ya gan shi cikin shekara guda ko ɗan abin da ya ɗara. Bo'az ya dawo gida ya buɗe akwati. Saura ashirin da shida. In ido ya rufe kafin su ƙare, sun tafi ke nan.

Cikin wannan hali, tsakiyar bazara, ekran ɗinsa ya yi wari ya mutu.

Ni na kawo shi Sabon Gari, kwance tsakanin buhunan ƙaiƙayi kamar yadda na saba. Ilyasu ya buɗe, ya sunsuna, ya sa ɗan hantsaki ya zaro zaren ulu ja daga cikin ramukan iska.

"Baba Hamidu, wa ke yi mashi lulluɓi?"

Na ce Dinatu ce. Ta saƙa mashi mayafi mai furanni, har da geza, ya sauko ya rufe ƙeya da kunnuwa, fuska kaɗai ke waje. Ta ce baƙi na shigowa, ba za ta bar abu mai daraja haka tsirara ba.

Ilyasu ya yi dariya har ya dafa katako. "Ai ta nan yake numfashi. Watan nan ko ni aka saƙa ma wannan sai na mutu." Ya ce abin da ya ƙone ciki ba shi da na canji, a ba shi mako biyu ya nemo ma Mushe wanda ya dace da shi.

Mako biyun ba su cika ba. Labari ya kai Yamai wurin Priskila, ɗiyar farin Bo'az, wadda ke aikin jinya can, sai ga ekran sabo fil ya sauka a tasha cikin kwalinsa, ƙato, mai launi, wanda ko a biron perefe mai mulkin jiha ban ga irinsa ba. Na kai shi Tsibiri ina tafe gaban jaki ina kore mashi duwatsu daga hanya. Ran Lahadi da aka taso daga majami'a rabin jama'a suka biyo su gani. Ilyasu ya zo ya haɗa, farin haske ya cika ɗaki, mata suka yi guɗa, Bo'az ya yi ta sa albarka. Ilyasu ya hau kekensa ya koma, amma tun a hanya ransa bai kwanta ba. Duk ɗakin nan kowa matsawa yake kusa da gilashin, mai shi kaɗai ya ja kujera baya.

Bayan mako uku na kai kaya Tsibiri, na tarar da Bo'az da hantsi zaune ƙarƙashin itacen bedi, rakoda na ɗaki shiru.

Na ce, "Mushe, yajin aikin har da kai?"

Ya ce, "Na gaji, Hamidu. Waƙar hauya wa za ta amfana? 'Yan yanzu rediyo suke ji."

Mutumin da ya yi shekara talatin yana hana mu shan fura cikin kwanciyar hankali da zancen waƙar hauya. Da na ba Ilyasu labari sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Da wane lokaci ka ce yake aiki?"

"Hantsi."

"Gobe da hantsi muna can. Tashi, Baba, kujerarka za ta yi tafiya."

Abin da nake zaune bisa wani ɗan ekran ne guntu, robarsa ta yi ja-ja don tsufa, wanda Ilyasu ya tsinto a ɗakin ajiyar wani furoje da ya rufe. Shekara biyu ina zama bisansa in na zo hira. Ya goge shi, ya buɗe, ya bi kowace gaɓa da sabuwar dalma. Ya nemo wani ɗan allo mai haƙora da ake cusawa cikin injin don su fahimci juna da irin wannan ekran, ya naɗe shi cikin tsumma. Ya ƙara wasu ekran biyu. Yana ɗaura igiya yana faɗa da kansa, wai shi ya yi kuskure ran nan, ya haɗa waya ya duba gilashi, bai dubi mutum ba. A ƙa'idarsa ba a zaɓa ma mutum ekran a shago. Sai a ɗakinsa, a lokacin da yake aiki, da hasken tagarsa, da idonsa. Ganin kyauta ce daga ɗiya, ga jama'a, ga guɗa, shi ya sa ya tsallake ƙa'idar.

Muka isa. Ilyasu ya gaida Dinatu, ya sha ruwa, ya ce ya zo duba haɗin da ya yi ne, haka yake ma kowa. Ya kunna babban. Ya sunkuya ya buga layi ɗaya da kansa, sannan ya ja kujera gefe ya zauna. Ba gilashin ya fuskanta ba, Bo'az ya fuskanta.

"Mushe, duba mani wannan, ko na rubuta daidai."

Bo'az ya matso, ya ƙanƙance ido, ya karkata kai. Ruwa ya taru ya gangaro gefen hancinsa, ya yi kamar ƙuda yake kora ya share.

"Daidai ne, Malam Ilyasu. Haka yake."

"Babu gyara?"

"Ko ɗaya."

Ilyasu ya miƙa hannu ya kashe ekran ɗin, ɗaki ya koma inuwarsa, sai muka ji Bo'az ya ja dogon numfashi kamar wanda aka sauke ma kaya. Dinatu na bakin ƙofa riƙe da kwanon ruwa.

"Kamar in leƙa rana cikin tasa," in ji Bo'az a hankali. "Farin ya cinye baƙin. Ko harafi guda ban gani ba tun ran da aka kawo shi."

Dinatu ta ce, "Mako uku, Malam? Mi ya hana ka faɗi?"

"In faɗi mi? Ɗiyar fari ce, ko sunanta ban taɓa kamawa ba. Ta hana kanta ta aiko ma ubanta, gari duk ya zo ya gani. Sai in aika Yamai in ce abin naki bai yi mani ba?"

Wanda bai san mu ba zai ce wauta ce. Mu mun san ba wauta ba ce. Mutumin nan ya gwammace ya bar kaset ashirin da shida su mutu da ya ba ɗiyarsa kunya, kuma da Ilyasu bai zo ba haka za a yi, ba wanda zai ji.

Ilyasu bai yi mashi wa'azi ba. Cewa ya yi, "Baba Hamidu, shigo da na farko." Ya sa muka juya tebur, taga ta koma gefe. Na farko mai launi ne matsakaici, ya rage mashi haske iyakar ragewa, Bo'az ya ce hayaƙi kawai yake gani. Na biyu baƙi ne mai koren rubutu, ya ce ga layuka nan amma iyo suke. Sannan Ilyasu ya kashe injin, ya buɗe, ya cusa ɗan allon nan, ya ɗora kujerata bisa tubali biyu daidai idon Mushe. Dinatu ta dube shi ta taɓe baki. Aka kunna, ya ɗan jima yana ɗumi. Ilyasu ya sake buga layin nan na ɗazu. Rubutu ya taso daga cikin baƙi, ruwan goro, kamar garwashi in an hura mashi toka.

Bo'az ya matso. Bai ƙanƙance ido ba. Leɓensa ya fara motsi, sai ya karanta da muryarsa ta aji, kalma bayan kalma: "Hamidu... mai amalanke... ya fi... Mushe Bo'az... wayo." Ya ɗago kai. "Wane maƙaryaci ya rubuta wannan?"

Ilyasu ya ce, "Ɗazu ka ce daidai ne, babu gyara ko ɗaya."

Dinatu ta ajiye kwano don kada ya zube, dariya ta zaunar da ita bakin ƙofa. Ni kuwa na ce a bar shi haka kada a goge, shaidu sun ji. Bo'az na dariya yana share ido, wannan karon ba haske ya kawo ruwan ba. Kafin mu gama ya jawo rakoda ya danna, muryar wani tsoho da ya rasu tun kafin yunwa ta biyu ta cika ɗakin, yatsa biyu suka koma aiki. Ya manta muna nan.

Saura babban ekran. Dinatu ta tare Ilyasu a tsakar gida.

"Malam, in yarinyar nan ta zo ta ga an kau da nata fa?"

"Ba za a kau da shi ba, Mama. Injin nan na iya ɗaukar biyu. Nata ya zauna tsakiyar tebur inda yake, in baƙi sun zo a kunna masu. Ƙaramin ya raɓa gefe ya yi aiki."

"To mayafina?"

"Babban ya samu, tunda a kashe zai wuni. Ƙaramin kuwa ki bar shi ya sha iska, ba ya jin nauyin kowa."

Kai ne, Ilyasu, ka mayar ma mutum da gani ba ka taɓa idonsa ba, ka kuma bar ma kowa a gidan nan mutuncinsa inda ya ajiye shi.

Amma ba nan aikin ya ƙare ba. Ɗan ekran ɗin tsoho ne, idon Mushe kuma kullum ja da baya yake. Akwai wani ɗan maɓalli can ciki, in an murɗa shi haske ya ƙaru, sai dai duk murɗawa tana rage ma gilashin kwana. In Ilyasu ya murɗa da yawa, ekran ya mutu kafin kaset su ƙare. In ya yi rowa, Mushe ya daina gani. Saboda haka duk Asabar ta biyu a wata sai ya rufe shago ya taka keke zuwa Tsibiri, cikin rana, cikin laka da damina ta sauka. Ya zauna gefe ya dubi fuskar Bo'az yana karatu, ya tambayi kaset nawa suka rage, sannan ya murɗa kamar kaurin farce, ko ya ce yau ba a murɗawa.

Da Kirsimeti Priskila ta zo gida. Kwana biyu da zuwanta sai ga ta a shagon Sabon Gari, ina zaune bisa buhu tunda an raba ni da kujerata. Ta gaishe mu, ta ƙi zama.

"Malam, kai ne ka kai ma babana wancan mummunan abu?"

"Ni ne, Madam."

"Wanda na aiko fa?"

"Naki ya fi shi komai. Idon Baba ne ya zaɓa, ba ni ba."

Ta ce jiya ta tsaya bayan babanta kusan awa guda bai san ta shigo ba, yana bugawa yana bin waƙar da baki, rabonta da jin ya yi waƙa tun tana lakwal. Innarta ta gaya mata komai a madafa. "Ni mai aikin jinya ce, ya kamata in tambaya kafin in aiko. Shi ba zai taɓa faɗa mani ba, ni ma ba zan nuna mashi na sani ba. Abin da ya kawo ni ɗaya ne. In wannan ya mutu, akwai wani?"

Ilyasu ya ce ya aika Damagaram, ya aika Katsina, ba a samu irinsa ba. "Shi kaɗai ne, Madam. Zan lallaɓa shi in kai shi."

Ta ce, "Kai shi, Malam. Allah ya taimake ka."

Bazara ta sake zagayowa. Ranar da aka sake juyin mulki gari ya rikice, aka tare hanyar Tsibiri, Asabar ɗin ta Mushe ce, Ilyasu ya saɓa keke ya bi ta gonaki.

"Ƙara kaɗan mana," in ji Bo'az.

"Saura biyar, Mushe. Na yau na ba ka. Sauran na watan gobe ne."

"Kai da likitan nan ba ku da bambanci."

"Shi ya ce shekara guda. Ni ban faɗi ba."

Wata goma sha huɗu bayan ranar da muka juya tebur, ana tsakar noman farko, Bo'az ya aiko mu zo. Muka tarar ya sa rigar Lahadi. Maɓallin nan ya kai ƙarshe, babu sauran murɗi, rubutun ya dusashe har ni mai idon shaho sai na matsa nake ganinsa, shi kuwa hancinsa kusan taɓa gilashi yake. Kaset na arba'in da uku na cikin rakoda. Ya ce ya bar layin ƙarshe ne don a yi shi gabanmu. Ya danna, muka ji, ya buga, ya karanta mana: "Ku ja hauya 'yan uwa, mai fura ta taso." Ya jingina da kujera ya ce, "Malam Ilyasu, kashe shi ya huta." Dinatu ta rangaɗa guɗa, aka yanka zabbi biyu, ni na ci rabin guda ni kaɗai don duk ɗaukar kayan nan tawa ce.

Priskila ta fitar da shi bisa takarda a Yamai, aka yi fotokofi. Akwai a lakwal ɗin Tsibiri, akwai wurin manoman Jiratawa. Bara da idona na ga an jera a gayya, wani malami tsaye bakin gona riƙe da takardun yana ba da baiti ana amsawa, tsofaffi na gyara masu murya. Idon Bo'az ya rufe kafin kakar wannan shekara da ya gama. Yana nan da ransa ƙarƙashin bedinsa, ana karanta mashi yana cewa nan an yi sauri, a koma baya.

Ilyasu, sunanka ba ya cikin takardun nan. Bo'az ya so ya sa, ka ce a'a, wai kai waya kawai ka haɗa. To ni na sa shi nan, kuma ba ka isa ka hana ni ba, na girme ka. Kai ne ka taka keke Maradi zuwa Tsibiri wata goma sha huɗu don waƙar da ba taka ba, ta mutanen da ba ka taɓa gani ba. Mun gode. Tsibiri ta gode, Jiratawa ta gode, Sabon Gari za ta san ka tashi. Allah ya saka maka, ya sa albarka cikin lambu, ya ba hannun nan hutu, ya bar ka da Tsahara cikin lafiya.

Ku kuma masu gyaran salula da kuka cika bakin titi, da masu sayar da sababbin ekran, ban hana ku sabo ba, zamaninku ne. Amma in mutum ya zo ku ɗago kai ku tambaye shi mi zai yi da abin, a wane ɗaki, da wane ido. Mai zanen hula launi yake so. Mai rubutu so yake harafi ya tsaya cak. Tsoho kuwa abin da ba zai sa shi hawaye ba. Tsohon ekran in ya faɗo hannunku kada ku jefar sai kun buɗe kun gani, akwai wanda shi ne daidai da shi. Kuma wanda ya yi saurin ce maku daidai ne, ku sake duban fuskarsa.

Shekaranjiya na biya Tsibiri na gaya ma Bo'az za ka rufe shago. Ya ce in isar maka da saƙo, kuma kada in ƙara gishiri kamar yadda na saba. Ga shi yadda ya faɗe shi: "Ka ce ma Malam Ilyasu duhun nan bai dame ni ba. Har yanzu in na zauna shiru rubutun nan ruwan goro nake gani, layi bisa layi, kuma na bi su duka, babu wanda na bari ban gama ba."